Kunnen da ke gano tushen gurnani a sabuwar amfilifayar jita

Ranar kunnawa ta farko ita ce ranar gwaji ga duk wanda ya haɗa amfilifayar jita mai bawul da hannunsa. An liƙe waya ta ƙarshe da dalma, an zaunar da kowane bawul a gurbinsa, an danna maɓalli, zaren cikin gilasai ya yi ja, sai lasifika ta kama gurnani tun ba a taɓa jita ba. A nan ake bambanta mai bin zane da gwanin aiki. Na farko zai hau canje-canje, ya cire wannan ya sa wancan, har ya manta inda ya faro. Gwanin kuwa zama yake ya kasa kunne, domin ya san ruwa ba ya tsami banza. Wannan gwanintar ta cancanci a yaba mata, kuma ta cancanci a fahimce ta.

Bawul tsohon kaya ne. Lee de Forest ya fito da irinsa mai ƙara ƙarfin sigina a 1906, kuma shi ya riƙe rediyo shekara da shekaru kafin taransisto ya ture shi. Makaɗan jita dai sun ƙi rabuwa da shi, saboda daɗin muryarsa idan aka matsa masa. Shi ya sa har yau mutane ke sayen kaya suna sake gina amfilifayoyin da kamfanin Leo Fender ya ƙera a Kalifoniya cikin shekarun 1950, musamman ƙaramar Champ 5F1 da Deluxe 5E3. Jim Marshall ma da zanen Fender Bassman ya fara tasa a Landan a 1962. Sai dai mutum biyu za su bi zane ɗaya, ta ɗaya ta fito tsit, ta ɗayan tana ƙugi. Zane yana nuna abin da ke haɗe da wani, amma ba ya ɗora hannun mutum a kan inda kowace waya za ta kwanta. Bawul 12AX7 da ke bakin shiga yana ninka sigina sau hamsin zuwa sittin a mataki guda, matakai biyu kuwa sau dubbai. Ɗan ƙaramin amon da ya sulale ta ƙofar farko da girmansa zai fito ta lasifika.

Kafin komai, gwanin yana tsare ransa. A cikin akwatin akwai wuta da kan kai bolt 400, kuma manyan kondensoshi suna riƙe ta ko bayan an zare soket. Saboda haka yakan sauke cajinsu ta cikin rizista, ya auna da mita ya tabbatar, sannan ya sa hannu. Idan dole ne ya yi bincike wuta na kunne, hannu ɗaya yake amfani da shi, ɗayan na aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirjinsa. A kunnawar farko yakan jera ƙwan lantarki mai zare a layin wuta. In akwai inda wayoyi suka haɗe ba daidai ba, ƙwan zai haska sosai ya tare ɓarnar, taransifoma ta tsira.

Daga nan sai aikin kunne. Kowane amo da mahaifarsa. Gurnani mai zurfi da laushi yana tafiya da bugun wutar gari, wato sau 50 a daƙiƙa a Najeriya da Nijar da Turai, sau 60 a Amurka. Wanda ya ɗan fi shi kaifi, mai ninkin wancan, 100 ko 120, daga sashen da ke mai da wutar gari miƙaƙƙiya yake zuwa, alamar tacewa ba ta wadatar ba ko an ɗaure wayar ƙasa a inda bai dace ba. Gwanin da ba shi da na'urar aunawa yakan ɗauki jita ya gwada: tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa, in aka danne ta a gaɓa ta uku kuwa ta kai 98. A ƙasa mai bugu 50, gurnanin da ya yi kusan daidai da gaɓa ta uku na matatar wuta ne, wanda ya nutse ƙasa da tsirkiyar kuma na wutar gari ne kai tsaye. Cikin minti guda ya raba matsalar gida biyu, bai kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Sai ya shiga ƙuntata wa amon wuri. Zai zare jita. In amon ya ɗauke, laifin na waje ne. In yana nan, zai rage maɓallin sauti har ƙasa: amon da ya bi maɓalli ya ragu an haife shi ne kafin maɓallin, wanda ya ƙi motsi kuwa yana bayansa. Zai kashe, ya cire bawul na farko, ya kunna ya saurara, ya kashe ya cire na biyu, haka har ya iso matakin da cire shi ya kawo shiru. Akwai ma gwajin da ke ba sabon shiga mamaki: a cire duk bawul-bawul, a kunna, a kara kunne a lasifika. In har ana jin ɗan gurnani, to taransifomar wuta ce ke hura wa taransifomar lasifika maganaɗisunta ta cikin iska. Maganin shi ne a nisanta su ko a juya ɗaya ta gitta wa ɗaya, kuma babu kondensar da za ta yi wannan aikin.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin ɗan tsinke. Gwanin yakan riƙe siririn busasshen itace, irin wanda Sinawa ke cin abinci da shi, tunda ba ya ɗaukar wuta. Amfilifaya na kunne, ya sunkuya, ya ƙwanƙwasa gilashin bawul na farko a hankali. In lasifika ta amsa da ƙararrawa, kayan cikin bawul ɗin sun saki, ya zama makirifo, sai a canza shi. Ya zagaya kan kowane tabon dalma yana dannawa. Inda ya ji ƙaras-ƙaras, nan dalma ba ta kama ba, sai a sake narka ta. Sannan ya zura tsinken ƙarƙashin wayar da ke kai sigina cikin bawul ya ɗaga ta kaɗan, gurnani ya ƙaru. Ya tura ta gefe da faɗin ɗan yatsa, gurnani ya lafa. Bai sayi komai ba, bai cire komai ba, waya ce kawai ta koma inda ya kamace ta.

Galibin gurnani mai zurfi daga wayoyin ɗumama bawul yake. Suna ɗauke da bolt 6.3 na wuta mai kai-komo, kuma suna ratsa duk faɗin akwatin. Gwani yakan murɗe su biyu tamau, ta yadda abin da ɗaya ta watsa ɗayar za ta soke, ya kwantar da su can jikin ƙarfe nesa da wayar sigina. In dole su haɗu, sai su gitta juna, kada su jera. Idan taransifomar ba ta da wayar tsakiya a wannan layi, yakan ƙirƙira mata da rizista biyu masu om 100 zuwa ƙasa. Ya kuma san halin kowane gini: Deluxe tana da bawul 6V6 guda biyu masu tura-ka-ja, waɗanda ke soke wani kaso na gurnani in ƙarfinsu ya zo ɗaya, Champ kuwa guda ɗaya gare ta, don haka tacewarta ce kaɗai garkuwarta.

Batun wayar ƙasa shi ne inda ilimi ya fi zurfi. Sabon shiga yana ɗauka duk inda ya ɗaure a jikin ƙarfe ɗaya ne. Amma ƙarfen ma yana da ɗan taurin kai ga wuta, kuma kondensa ta farko tana zuƙar wuta da fizga mai ƙarfi. In wannan fizga ta bi hanyar da siginar jita ke komawa, bawul na farko zai ɗauke ta a matsayin kiɗa ya ninka. Don haka gwani yakan ware hanyar manyan wuta daban, ya tattara ƙasan kowane mataki wajen kondensar da ke ciyar da shi, ya haɗa layin da jikin akwati a wuri guda, ya hana wayoyin ƙasa yin zobe. Wayar tsaro ta soket kuwa yana ɗaure ta da tata ƙusar, ba ya cire ta don neman shiru, domin ran makaɗi ya fi shirun lasifika.

Akwai amon da ke firgita mutum amma sauƙi gare shi. A ginin da ke mayar da wani ɓangare na sauti baya don ladabtar da shi, irin Champ da Bassman, in an juya wayoyin taransifomar lasifika sai a ji tsuwwa mai huda kunne da zarar bawul ya ɗumama. Musanya wayoyi biyu ya kashe maganar. Akwai kuma fat-fat-fat kamar injin kwalekwale, wanda ke nuna matakai suna jin juna ta layin wuta saboda kondensar da ke raba su ta gaza ko ba ta liƙu ba.

Huci kuwa, wato shuuu ɗin da ke ƙaruwa in an ƙure sauti, yana koya wa mutum iyakarsa. John B. Johnson na ɗakin binciken Bell ya auna shi, Harry Nyquist ya yi bayaninsa a 1928: kowane rizista yana haifar da amo saboda ɗumin da ke jikinsa kawai. Walter Schottky ya riga ya bayyana irin na cikin bawul a 1918. Ana rage huci ta sa rizista mai fatar ƙarfe a madadin na gawayi a matakin farko, da zaɓen bawul mai natsuwa, amma ba a kawar da shi. Haka nan jita mai maɗaukin sauti na naɗi ɗaya tana kwasar amon ɗaki, na cajar waya da fitilu da inbata, abin da ya sa Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙera mai naɗi biyu a 1955. Gwani ya san lokacin da zai ce wa mai kaya amfilifayarsa lafiya lau, ɗakin ne ke da magana.

Duk wannan aiki a kan ɗabi'a ɗaya ya ginu: canji ɗaya a lokaci ɗaya, a saurara, a rubuta abin da aka ji, in bai yi ba a mayar yadda yake. Mai wannan haƙuri ba ya zargin kaya sai da hujja, kuma ba ya ɗora wa mai amfilifaya kuɗin abin da bai lalace ba. Idan ya gama, ya san dalilin kowane gyara da ya yi, zai iya bayyana shi ga almajirinsa, kuma amfilifaya ta gaba da zai gina tun daga shimfiɗa waya ta farko zai kauce wa matsalar. Irin wannan sani ba a sayen sa tare da kayan haɗi, a bakin teburin aiki ake tara shi.