Jinjina ga Masu Gadin Asibiti

A Agyaragu, garin doya da ke kan hanyar Lafiya zuwa Makurɗi, in dare ya raba, mai gadi ne garkuwar ƙaramin asibiti. Tocila, usur da gora ne makamansa, amma amanar da ke wuyansa babba ce: ɗakin magani, janareta, batiran sola da firjin allurar rigakafi. In ɓarawo ya kwance batir guda, sanyi ya yanke, allurar yaran unguwa ta lalace.

Aikin na buƙatar ido da hankali. Ƙarfe biyun dare a ƙwanƙwasa ƙofa, shi zai haska fuska, ya bambance mijin mai naƙuda da mai mugun nufi, sannan ya zare sakata. In rai ya yi halinsa, dangi suka harzuƙa, shi ke shiga tsakaninsu da nas yana ba da haƙuri. In ciwo ya fi ƙarfin wurin, da shi ake neman motar da za ta kai mara lafiya babban asibiti a Lafiya.

Barazanar ba wasa ba ce. A Disambar 2023 aka sace wata likita daga gidajen ma'aikatan Asibitin Ido na Ƙasa da ke Kaduna, lamarin da ya kai likitoci ga yajin aikin gargaɗi a Agustan 2024.

Ma'aikacin da ke cikin fargaba ba ya iya jinya. Don haka masu gadi sun cancanci albashi a kan kari, katanga, fitila da horo.