Mai Tafiya da Masu Aikowa: Kiran Bishara a Ekklesiyoyin Arewa

Majami'u da yawa da ake sujada cikinsu da Hausa sukan ware mako guda a shekara domin aikin bishara. Akan karanta ƙarshen Bisharar Matiyu, inda Yesu ya umarci almajiransa su kai saƙonsa ga dukan al'ummai, mawaƙa su rera, a gayyato wani mai bishara daga ƙauye ya ba da shaida, a yi baiko na musamman, sannan kowa ya kama gabansa. Al'ada ce mai kyau, amma tana ɗauke da wata fahimta da ta yi kaka-gida a zukatanmu: cewa kiran na wancan bawan Allah ne da ke tsaye gaban bagade da tsohuwar rigarsa, mu kuwa namu tafi da addu'a daga nesa. A ganina tarihin bishara a ƙasar nan bai goyi bayan wannan rabo ba, Littafi Mai Tsarki ma haka.

Labarin da aka fi ba mu na Turawan mishan ne, kuma sun cancanci a tuna da su. A 1893 Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin. Shekara ba ta zagayo da kyau ba Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida. Sai a 1902 mishan ɗinsu, SIM, ya samu wurin zama a Patigi. Karl Kumm da abokansa na mishan ɗin SUM suka iso Wase a 1904, Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna Zariya, Stover Kulp da Albert Helser suka fara sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923. Da yake gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita musu shiga masarautun Musulmi, ƙarfinsu ya koma Filato da kudancin Zariya da Adamawa da Binuwai, sai daga baya aikin jinyar kutare ya buɗe musu ƙofa a wurare irin su Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa.

To amma Bature nawa ne, ƙauye nawa ne? Mutum ɗaya a tasha, ga zazzaɓi, ga harshen da bai gama kamawa ba, ba shi ne ya hau kowane dutse ya kwana a kowane tungu ba. Waɗanda suka yi wannan 'yan ƙasa ne: yaron da ya koyi karatu a gidan mishan, mai ba da magani, malamin ajin yaƙi da jahilci, manomin da ya ɗauki matarsa da fartanyarsa ya koma cikin wata ƙabilar da ba tasa ba. Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta sa musu makami a hannu, domin Hausa ce harshen kasuwa da kowa ke ɗan ji. Mai bisharar yakan yi noma da safe, ya koyar da baƙaƙe da yamma, ya yi wa'azi ran Lahadi. Lokacin da SUM ta naɗa fastocinta na farko 'yan ƙasa a 1938, wato Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot, an dai tabbatar ne da aikin da irinsu suka daɗe suna yi. Sunayen yawancin sauran ba su shiga kowane littafi ba, kuma wannan rashin adana tarihi abin takaici ne da ya kamata makarantun tauhidinmu su ɗauka da gaske tun tsofaffin da suka san su ba su ƙare ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ba su jira sun yi arziki ba kafin su fara aikawa. Tun a ƙarshen shekarun 1940, kafin ma a kafa ekklesiyar ECWA a 1954, masu bi na majami'un SIM suka kafa ƙungiyar aika nasu masu bishara, wadda ta zama EMS, kuma ta bunƙasa ƙwarai a hannun Fasto Panya Baba tsakanin 1970 da 1988. Da me aka riƙe ta? Da damin dawa, da kwabo-kwabon baiko, da gudummawar Zumuntar Mata, waɗanda har gobe su ne ke tara hatsi da sabulu da sutura su kai wa iyalan da ke filin bishara. Waɗannan mata ba su bar garinsu ba, amma babu mai hankalin da zai ce ba su amsa kira ba.

Haka ma abin yake a Ayyukan Manzanni. Ekklesiyar Antakiya ce ta yi azumi da addu'a, ta ɗora wa Barnaba da Bulus hannu ta sallame su, kuma wurinta suka dawo suka ba da labarin tafiyarsu. Bulus ya yi sana'ar ɗinkin tanti a Koranti, duk da haka masu bi na Filibi sun aika masa da taimako ba sau ɗaya ba. Mai tafiya da masu aikowa igiya ɗaya ta ɗaure su, kamar mai haƙar rijiya da waɗanda ke bakin rami suna riƙe da shi.

A nan ne nake ganin mun yi sake. Majami'un birni sun ƙaru, gine-gine sun yi tsawo, an sayi kayan kiɗa na miliyoyi, amma mai bishara a ƙauye yakan yi watanni yana jiran ɗan abin da aka yi masa alkawari. 'Ya'yansa na zaune a gida saboda kuɗin makaranta, matarsa na haihuwa nesa da asibiti, in ya tsufa babu gidan kansa. In ya buɗe baki, sai a tuna masa cewa ai shi ya ce Allah ya kira shi, ladansa yana sama. Maganar gaskiya ce, amma ba ta dace da bakin wanda ya riƙe hakkin ma'aikaci ba. Sakamakon kuwa a fili yake: matashi mai ƙwazo da ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki yana kallon fili a matsayin wurin jira kafin a ba shi majami'a a gari. Ga kuma rashin tsaro da ya addabi karkara, inda satar mutane da hare-hare suka sa wasu tashoshi suka zama kufai.

Akwai alamun wata fahimta dabam. Ƙungiyar bishara ta CAPRO, wadda ta samo asali a Zariya a 1975 daga matasa masu ilimin boko, ta nuna cewa likita da injiniya da malamar makaranta ma ana kiransu, kuma sana'arsu hanyar hidima ce ga maƙwabci ko ya karɓi saƙon ko bai karɓa ba. A ƙasar da Kirista da Musulmi ke cin kasuwa ɗaya, ladabin yin shaida ba tare da zagi ko tilas ko saye da kyauta ba wani ɓangare ne na kiran kansa.

Abin da nake so in gani shi ne, kafin dattawan majami'a su ɗora wa wani hannu su tura shi, su fara zama su rubuta wa zai biya kuɗin makarantar 'ya'yansa, wa zai ziyarce shi bayan damina, wa zai ɗauki wayarsa in dare ya yi masa tsanani, a kuma karanta waɗannan sunaye a gaban jama'a tare da nasa.