Gwani Ba Ya Zuwa Shagon Lasifika Hannu Rabbana

Mai sayar da manyan kayan sauti yana da waƙoƙinsa na talla, kuma ya san abin da ya taka. Zai kunna maka murya ɗaya mai taushi da ɗan fiyano, irin waƙar da ko a ƙaramar rediyo daɗi za ta yi, ka ji tamkar mawaƙiyar tana tsaye gabanka. Gwanin saurare ba ya cin wannan ƙugiyar. Da faifansa yake zuwa, ko waƙoƙin da ya tara a waya, kuma kowace da aikin da ya ɗauko ta dominsa.

Sharaɗinsa na farko shi ne sabo. Kunne ba ya daɗewa yana riƙe da kamannin sauti, don haka sabuwar waƙa ba ta da amfani a nan: in ka ji aibu, ba ka san ko daga lasifika yake ko daga wurin ɗaukar waƙar ba. Wadda ka shekara da shekaru kana ji kuwa, ko numfashin mawaƙin aka taɓa za ka gane.

Da murya yake farawa, domin babu sautin da ɗan Adam ya laƙanta kamar muryar ɗan'uwansa. Masana ma haka suke yi. Lokacin da Karlheinz Brandenburg yake aikin ƙirƙirar MP3 a Jamus, ya yi ta maimaita "Tom's Diner" ta Suzanne Vega, wadda ta fito a faifanta na 1987, murya ce zalla babu kiɗa. Na'urar matse sautin ba ta da inda za ta ɓoye kuskurenta. A kamfanin Harman na Amurka kuma, gwaje-gwajen Sean Olive sun nuna "Fast Car" ta Tracy Chapman, ta 1988, tana cikin waƙoƙin da suka fi tona asirin lasifika, saboda ta haɗa kaurin sauti da sirantarsa a lokaci guda.

Daga nan sai kauri. Igiyar da ta fi kauri a jitar bes tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa, kuma lasifika da yawa suna mayar da duk abin da ke can ƙasa gurnani iri ɗaya. Gwani ba girgiza ƙirji yake nema ba. So yake ya iya bin kiɗan yana hawa yana sauka. Nan Bahaushe yake da rinjaye, in ya sani. Wanda ya taɓa zama kusa da makaɗin kalangu ya san yadda muryar gangar take tashi in an matse tsarkiya a hammata, kuma nan take zai gane lasifikar da ta dagula ta.

Amfilifaya kuwa, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da taron makaɗa ake gwada ta: kiɗan da ke tafiya a hankali, kwatsam ya fashe. Mai rauni takan shaƙe a wurin, kayan kiɗan su cakuɗe.

Abin da ya fi burge ni dai shi ne gwani kan sako waƙa ɗaya wadda ɗaukarta ba ta da kyau, kamar tsohon Shata da aka kwafo daga kaset. Dalilinsa mai ƙarfi ne: yawancin abin da mutum ke so ba a ɗauke shi a ɗakin zamani ba, kuma akwai kaya masu tsada da ke fito da kowane ƙaiƙayi har waƙar ta gagara saurare.

Waƙa biyar ko shida sun isa, minti ɗaya ko biyu daga kowace, a jere iri ɗaya ga kowace na'ura. Kafin ka ce wannan ta fi waccan, ka sa a daidaita ƙarfin sautinsu, domin wadda aka ɗan ƙara wa ƙara kusan kullum ita kunne ke zaɓa.