Tsokaci a Kan Batutuwan Tattaunawa a Azuzuwan Koyar da Manya Turanci: Misali Daga Kumagannam, Nguru da Gashuwa

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da Dell Hymes (1972) ya nuna cewa sanin harshe bai tsaya ga sanin nahawunsa ba, sai mutum ya san abin da zai faɗa, da wanda zai faɗa wa, da kuma lokacin da ya kamata ya faɗa, malaman harshe na biyu suka ba tattaunawa muhimmin gurbi a cikin aji. Wannan ne ya haifar da jerin batutuwa a kan al'amuran yau da kullum, waɗanda ake bugawa a littattafai, a yanzu kuma ake kwafowa daga intanet, domin manya masu koyon Turanci su yi muhawara a kansu. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi wa irin waɗannan batutuwa nazari, ta auna dacewarsu da manyan da ke koyon Turanci a arewacin Jihar Yobe, musamman Kumagannam ta Ƙaramar Hukumar Yusufari, da garuruwan Nguru da Gashuwa, inda aikin koyarwa ya kawo mai wannan maƙala. Ra'ayin da za a kare shi ne, zaɓen batu shi ne ginshiƙin darasin tattaunawa, domin shi ke tabbatar da ko ɗalibi zai buɗe baki, da kuma irin Turancin da zai fita da shi daga aji.

2.0 Waiwaye

Koyar da manya ba baƙon abu ba ne a Arewa. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA da ke Zariya kuma ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, kamar Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Albishir ta Barno. A 1957 aka fitar da Hanyar Tadi da Turanci domin Bahaushe mai son ya yi magana da harshen, a 1965 kuma Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa. A 1980 Jihar Kano ta kafa hukumarta ta ilimin manya, sannan a 1990 Gwamnatin Tarayya ta kafa ta ƙasa baki ɗaya.

Alherin wancan zamani shi ne an rubuta kayan karatun a gida, domin mutanen gida. Naƙasunsa kuwa yana nan a cikin sunan shirin, wato an ɗauki ɗalibi a matsayin jahili, sai yawancin batutuwan suka zama nasiha daga sama, a kan tsafta da noma da biyayya ga hukuma. Jerin batutuwan da ake arowa a yau sun tsira daga wannan, domin suna neman jin ra'ayin ɗalibi, amma sun yi asarar wancan alheri, tun da an tsara su ne domin baƙin da suka yi ƙaura zuwa Ingila ko Amurka ko Kanada.

3.0 Yanayin Masu Koyo

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne, ga mafi yawan mutanen wannan yanki Turanci ba harshe na biyu ba ne, na uku ne ko na huɗu. A Kumagannam Manganci, wato wani karin harshe na Barbarci, shi ne harshen gida ga jama'a da dama, ga kuma Fillanci a rugage. A Gashuwa da kewaye akwai Badanci da Duwai, waɗanda Russell Schuh da abokan aikinsa suka yi wa ƙamusoshi. Hausa ita ce harshen kasuwa da ke haɗa kowa, musamman a Nguru, wadda ta cika da 'yan kasuwa tun da jirgin ƙasa ya iso ta daga Kano a 1930. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin ɗaliban sun yi karatun allo, suna iya rubutun ajami.

Abu na biyu shi ne dalilin da ya kawo su aji. Akwai ɗan kasuwar da ke son ya karanta saƙon banki da kansa, da ungozomar da ke son ta gane rubutun da ke jikin kwalbar magani, da mai unguwar da ke son ya san abin da ke cikin takarda kafin ya sa hannu. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya sa Turanci a gaba a harkokin Majalisar Tarayya, haka abin yake a ofisoshi da manyan kotuna. Daɗin daɗawa, manufar koyarwa da harshen uwa a firamare, wadda aka amince da ita a 2022, Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke ta a watan Nuwamba na 2025. Ko wane irin ra'ayi manazarci yake da shi game da wannan mataki, ya ƙara wa iyaye buƙatar Turanci, ko don su duba littattafan 'ya'yansu.

4.0 Naƙasun Batutuwan Aro

4.1 Rashin Dangantaka da Rayuwar Ɗalibi

Idan aka duba irin waɗannan jerin batutuwa za a tarar da tambayoyi a kan gidajen ajiye tsofaffi, da haƙƙin karnukan gida, da yawon shaƙatawa a ƙasashen waje, da yin aikin ofis daga gida. Ba a ce waɗannan ba su da ma'ana a inda aka tsara su ba. Illarsu a nan ita ce suna ɗora wa ɗalibi kaya biyu a lokaci guda: ya ƙirƙiro ra'ayi a kan abin da bai taɓa gani ba, sannan ya nemo kalmomin da zai faɗe shi da baƙon harshe. Sakamakon haka sai aji ya yi tsit, malami ya ɗauka rashin ƙoƙari ne. Malcolm Knowles (1970) ya nuna cewa babban jarin da baligi ke zuwa da shi aji shi ne abin da ya gani a rayuwa. Batun da ya raba shi da wannan jari ya mayar da dattijo yaro ke nan, kuma dattijon da ya ji an mayar da shi yaro ba ya yin gardama, daina zuwa kawai yake yi.

4.2 Rashin Kula da Alkunya

Yawancin jerin suna buɗewa da tambayoyin sabawa, kamar sunan mata ko miji, da yawan 'ya'ya, da abin da mutum ke samu a wata. A ƙasar Hausa mace ba ta ambatar sunan mijinta, iyaye suna kunyar sunan ɗan fari, mutane da dama kuma ba sa son ƙidaya 'ya'yansu ko dabbobinsu a bainar jama'a. A wajen Fulani abin ya fi haka tsanani. Har ila yau, tsarin muhawara na raba aji gida biyu, a ce kowane ɓangare ya karya hujjar ɗaya, ya ginu ne a kan zaton cewa ɗalibai tsaran juna ne. A ƙaramin gari kuwa, mutum zai iya samun kansa a benci ɗaya da surukinsa ko limamin unguwarsu. Umartarsa ya ƙaryata su a gaban jama'a, ko da da sunan darasi ne, neman abin da ba zai samu ba ne.

4.3 Rashin Kula da Lafiyar Mai Magana

Masu tsara jerin suna son batutuwa masu zafi, kamar ta'addanci da addini da ilimin 'ya'ya mata, domin a ganinsu zafin ne ke sa mutane magana. A jihar da aka sace 'yan mata fiye da 100 daga makarantar Dapchi a watan Fabrairu na 2018, waɗannan ba abin gwada baki ba ne. A cikin aji ana iya samun wanda ya rasa ɗan'uwa, kuma ba wanda ya san inda maganarsa za ta kwana. Mai ƙarancin kalmomi ba ya iya sakaya zance, don haka abin da zai faɗa da hikima a Hausa sai ya fito tsirara a Turanci. Wajibi ne malami ya bar ɗalibai su kawo irin wannan batu da kansu in sun ga dama, kada shi ya tilasta shi.

5.0 Batutuwan Gida

Paulo Freire, wanda ya koyar da manoman rake kimanin 300 karatu a Angicos ta ƙasar Barazil a 1963, ya fara ne da sauraron kalmomin da ke bakin mutane kafin ya tsara darasi. In aka bi wannan hanya a arewacin Yobe ba za a rasa batutuwa ba, kuma kowanne yana jawo nasa ɓangaren nahawu. Ga misalai:

(a) Tudun rairayin da ke cinye gonaki da dausayoyi a ƙasar Yusufari, da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Wannan yana koyar da kwatanta da da yanzu.

(b) Ruwan Kogin Haɗeja bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, da ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Nguru. A nan jimlar sharaɗi da ta dalili za su fito.

(c) Ambaliyar 2022 a Gashuwa. Ba da labarinta yana buƙatar shuɗaɗɗen lokaci, wanda ke wahalar da Bahaushe, domin tsarin Hausa ya fi kula da kammaluwar aiki a kan lokacin aukuwarsa.

(d) Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu na shekarar, da rufe iyakar Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Waɗannan na koyar da alƙaluma da farashi da kalmomin banki.

(e) Ciwon ƙoda da ya addabi ƙasar Bade, wanda ke koyar da sassan jiki da yi wa likita bayani.

A duk waɗannan, ɗalibi ya fi malami sanin abin da ake magana a kai, musamman malamin da yake baƙo a yankin. Malami na da harshe, ɗalibi na da labari, saboda haka tambayar da malami zai yi ta zama ta mai neman sani da gaske.

5.1 Tarkon da ke Ciki

Akwai hujjoji biyu da za a iya kawowa a kan wannan ra'ayi, kuma dukkansu suna da ƙarfi. Ta farko ita ce, gwargwadon yadda batu ya taɓa zuciyar ɗalibai, gwargwadon saurin komawarsu Hausa ko Manganci, sai a tashi an sha muhawara ba a koyi Turanci ba. Wannan gaskiya ne, kuma hana harshen gida ba ya maganinsa. Abin da ya fi shi ne a raba darasi kashi uku. Da fari a tattauna da harshen da aka ga dama. Sannan a fitar da kalmomi kamar goma da jimloli kaɗan na Turanci daga abin da aka faɗa. A ƙarshe a yi wani aiki wanda a zahiri da Turanci ake yin sa, kamar rubuta wa ƙaramar hukuma takardar koke a kan rijiyar da rairayi ya binne, ko cike takardar neman rance. Ma'aunin batu ke nan: wa ɗalibi zai yi wa wannan magana da Turanci in ya bar aji? In babu kowa, to batun na dandali ne.

Hujja ta biyu ita ce, tsare ɗalibi a kan batutuwan gida tauye shi ne, alhali ya zo ne domin ya leƙa duniya. Amsa ita ce mutanen nan ba a rufe suke ba. Sashen Hausa na BBC yana watsa shiri tun 1957, na Muryar Amurka ya fara nasa a 1979, kuma mai sauraron rediyo a Kumagannam ya ji labarin yaƙin Rasha da Yukren na 2022, ya kuma ga tasirinsa a farashin taki. Haka nan ya ji cewa a 2025 Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Batun waje yana da gurbi a aji muddin an shigo da shi ta ƙofar da ɗalibi ya sani.

5.2 Bambancin Harsunan Ɗalibai

Ko da batu ya dace, kuskure ne a ɗauka matsalar ɗalibai iri ɗaya ce don kawai duk suna jin Hausa. Hausa tana bambanta jinsi a wakilin suna, Barbarci kuwa ba ya yi, saboda haka Bamange ya fi Bahaushe rikita wakilan sunan namiji da na mace a Turanci. Hausa da Turanci suna sa aikatau kafin karɓau, Barbarci kuwa yana kai aikatau ƙarshen jimla. Shi kuma Bahaushe yana fama da bambanta /p/ da /f/. Jerin da aka tsara a waje bai san da wannan ba, kuma a nan ne ake buƙatar gudummawar masana harsunan Nijeriya.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa batutuwan tattaunawa na aro suna da naƙasu ta fuskar dangantaka da rayuwar ɗalibi, da alkunya, da lafiyar mai magana. Ta kuma kawo sharuɗɗa uku na batun da ya dace: ɗalibi ya san shi, ya iya faɗinsa a gaban kowa ba tare da kunya ko tsoro ba, kuma ya kasance akwai inda zai buƙace shi da Turanci. Shawarar da za a bayar ita ce sassan harsuna na Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, su haɗa kai da hukumar ilimin manya ta jiha su tattara batutuwa daga bakin ɗaliban kansu, a buga su a ƙananan littattafai masu Turanci da Hausa da Barbarci, a kuma riƙa sabunta su duk shekara, tun da al'amuran yau da kullum ba sa jimawa ba su tsufa ba.