Jere: Adon da Nazari Ya Tsaya a Bakin Ƙofarsa

Duk wanda ya bi diddigin abin da aka rubuta game da adon gidajen Hausawa zai lura da cewa galibin marubutan a waje suka ja tunga. A. H. M. Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafinsa Decorated Houses in a Northern City a 1963, a kan zanen da ke fuskar gidajen Zariya. Friedrich Schwerdtfeger ya biyo baya a 1982 da nazarin da ya kwatanta gidajen Zariya da na Ibadan da na Marrakesh, sa'an nan J. C. Moughtin ya buga Hausa Architecture a 1985. Ayyuka ne masu daraja, ba mai musun haka. Daga irinsu ne ɗalibi zai san dagi da zanko da bakan gizo, ya kuma san Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim. Sai dai ko da sun shiga cikin gida, awon ɗakuna da tsarin gini ne ya fi ɗauke musu hankali. Adon da mata suke yi wa ɗaki da hannunsu, watau jere, bai sami ko ushirin wannan kulawa ba.

Baƙon namiji yana da hanzari, domin iyakarsa zaure. Mu da aka haifa a ɗakunan nan ba mu da shi. A nawa ganin, abin da ya hana mu shi ne ma'aunin da muka aro, wanda bai yarda abu fasaha ne ba sai yana da gwani mai suna, ana biyansa lada, aikin kuma yana daɗewa a tsaye. Jere bai cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan uku ba. Taron mata ne ke yin sa, ba a biyan kowa, kuma ran da aure ya mutu ko talauci ya matsa, a yini guda ake sauke shi.

Ya kamata a fara da bayanin yadda aikin yake, tun da yawancin ɗalibanmu ba su riske shi ba. A da, kafin amarya ta tare, sai a zuba burji a ɗaki, mata su taru da madaɓai su yi ta dukan ƙasa suna waƙa, ana yayyafa makuba, watau ruwan da aka jiƙa ɓawon ɗorawa a ciki, har daɓen ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. (Abin lura ne cewa mun tattara waƙoƙin daɓe mun yi musu sharhi a matsayin adabin baka, amma ɗakin da ake yin waƙar dominsa mun bar shi.) A shafe bango da farar ƙasa. Daga nan 'yan jere, watau gwaggonni da innoni da yayyen amarya da ƙawayen uwarta, su zo da kaya su duƙufa.

Jere ba tara kwanuka ba ne kurum. Yana da ƙa'ida, kuma a kowane dangi akan sami wata dattijuwa da aka sallama wa, wadda in ta ce a sauke a sake, sai a sauke. Babba a ƙasa, ƙarami a bisa, har gini ya tsuke kamar hasumiya. Launi ya bi launi, zane ya fuskanci mai shigowa. Abin da aka yi a dama a yi shi a hagu. Wasu sukan manna faranti a jikin bango tun yaɓe yana ɗanye, a rataya faya-fayai masu rini a tsakani. Gado kuwa a ɗaga shi da katifu da matasai har sai an yi ɗoki kafin a hau. Idan aka dubi wannan da idon nazari, za a ga abubuwa uku ne ke ɗauke da kyawon: maimaici da tsawo da ƙyalli. Ba a neman kwano guda ya yi fice. Ana so ne ido ya bi jeri ya yi ta hawa, kamar yadda kunne ke bin amshi a waƙa, yana jin daɗin dawowar abin da ya riga ya sani. Ga hasken da ke shigowa ta ƙofa kaɗai, a ɗakin da tagarsa 'yar mitsitsiya ce. Kwanukan nan su ne ke karɓarsa su rarraba.

Sukar da aka fi yi wa jere ita ce almubazzaranci ne, don ga kwanoni fiye da ɗari ba a taɓa zuba tuwo a cikinsu ba. Masu wannan magana sun ɗauki kwanon a kwano. Barbara Cooper, a littafinta Marriage in Maradi na 1997, ta nuna yadda kayan ɗaki suke zama dukiyar mace da shaidar yawan mutanenta. Enid Schildkrout kuma, a binciken da ta yi a Kano cikin shekarun 1970, ta nuna cewa ribar tallan da yarinya ke yi wa uwarta, wani kaso mai yawa a kayan ɗakinta yake ƙarewa. Watau uwa ta shekara goma tana sana'a tana zubin adashi, tana saye tana ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Kayan na matar ne, miji ba shi da iko da su, in ta fita da su za ta fita, in ta shiga matsi ta zari ɗaya ta sayar. Bugu da ƙari, macen da ta san dangin tana iya karanta bangon: wannan jeri na uwa ne, wancan na gwaggo, wancan kuma bikin da wata ƙawa ta rama ne. Ashe ke nan bangon taska ne, kuma littafin bashi ne.

Ba na so a ɗauka ina wanke al'adar tas. Gorin da dangin miji ko kishiya ke yi wa wadda jerenta bai kai ba ya sa mata da yawa kuka, talla ta hana 'yan mata da yawa makaranta, tsadar kayan ɗaki kuma ta jinkirta aure ba iyaka. Da gwamnatin Jihar Kano ta aurar da ma'aurata 1,800 a 2023, har da gado da katifa ta haɗa musu, don ta san inda gizo ke saƙar.

Akwai kuma masu kukan cewa kayan waje sun ɓata jere. Tarihi bai goyi bayansu ba. Kakanninmu da ƙorai da faya-fayai suka yi jere, masu hali suka ƙara da tasoshi. Kwalla da fanteka da langa, waɗanda yau muke kallo a matsayin gargajiya tsantsa, 'yan kasuwa ne suka shigo da su daga Turai da Hong Kong, kafin a soma ƙera su a nan gida. Bayansu tangaran ya zo, aka koma jera shi a kwaba mai gilashi. A kowane zango kayan sun sake, amma ƙa'idar da hannun da ke jerawa ba su sake ba. Abin da ke sabo a yau shi ne janyewar hannun. Bara na kai mata jeren wata 'yar ɗan'uwana, suka tarar kafinta ya kafa gado da kujeru, mai fenti da mai labule sun gama nasu an sallame su. Ba a bar musu komai ba sai ɗakin girki. Kafin la'asar suka fito, wata gwaggo tana cewa yau an gayyace ta kallo.

Abin mamaki, a daidai wannan lokaci ne 'yan matanmu ke koyon shafa fenti da liƙa takardar bango daga hotunan da suke gani a waya, suna ɗauka gyaran ɗaki da hannun mai shi dabara ce ta Turawa. Akwai bambanci kam, kuma ya cancanci nazari. A can mutum guda ne ke yi don ya rage kuɗin ma'aikaci, ya kuma nuna son ransa. A jere amarya ba ta ma wurin, tana can a lulluɓe. Danginta ne ke faɗa wa dangin miji ko 'yar wace ce aka kawo musu.

Gidan Makama a Kano ya kyauta da ya keɓe wuri ya nuna ɗakin amarya irin na da. Amma kayan da aka ajiye don kallo ba za su faɗi wanda ya ba da su ba, ko dalilin da ya sa aka ɗora wannan a kan wancan. Wannan sani yana bakin tsofaffin mata, kuma sunayen kayan ma sukan saɓa tsakanin Kano da Sakkwato da Damagaram. A zangon karatun da ya wuce na tambayi ajin masu neman digiri na biyu bambancin kwalla da fanteka. Mutum biyu ne suka amsa, dukansu mata, kuma amsoshinsu ba su zo ɗaya ba.