Harafin da Ke Bin Kalma a Turanci: Sharhi a kan Yadda Ake Koyar da Shi a Ƙasar Dutse

Akwai wani shafi wanda da wuya a rasa shi a cikin littattafan bitar Turanci na 'yan sakandare, watau jerin kalmomi a hagu, kowacce da ɗan harafin da ya kamata ya bi ta a dama: "depend on", "tired of", "different from", "listen to", da sauransu. Malami ya juye shi a allo, yara su juye a littafi, a ce su haddace. Manufar wannan maƙala ita ce a duba amfanin wannan shafi ga yaron da Hausa ce harshensa, musamman a Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita, kamar su Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu. Idan an ce harafi a nan, ba baƙin abacada ake nufi ba. Ana nufin takwaran abin da malaman nahawun Larabci suke kira harafin jarri.

Tun da aka cire Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a 1991, aka mai da Dutse hedikwata, bukatar rubutaccen Turanci ta ƙaru a wannan yanki. Ga wasiƙun ofis, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, wadda ba a shigar ta sai da kyakkyawan sakamako a Turanci. Amma fa yaron da ake nema da wannan sakamako ba ya jin Turanci a gida, ba ya jin sa a kasuwar Shuwarin. Hausa ce, ko kuwa Fulatanci da Hausa. In ya zauna rubuta insha'i, da Hausa yake tunani sa'an nan ya fassara. Saboda haka kurakuransa suna da sawu, kuma ana iya bin sawun har gida.

Babban sawun shi ne harafin nan "da". Tun a firamare an gaya wa yaro cewa "da" shi ne "with", kuma ba a yi masa ƙarya ba. Amma a duba waɗannan jimloli, da abin da Turanci yake bukata a gurbin "da" a kowacce:

1. Ya zo da ƙanensa: "with".
2. Dutse tana kusa da Kiyawa: "to".
3. Dutse tana nesa da Haɗeja: "from".
4. Manomi ya dogara da damina: "on".
5. Na gaji da jira: "of".
6. Ya tuna da ni: ba a sa kome.

A jimla ta farko kaɗai abin da aka koya masa ya yi aiki. Yaron da ya rubuta "different with" ko "depend with" ba sakaci ya yi ba, kuma ba daƙiƙi ba ne. Ƙa'ida ya bi, sai dai ƙa'idar ta tsaya a rabin hanya. A lura kuma da misali na 2 da na 3. Kusa da nesa kishiyoyin juna ne, amma Hausa ta ba su harafi guda, kamar yadda ta yi wa "haɗu da" da "rabu da". Wannan ya nuna cewa ko a Hausa ma harafin ba shi ne yake ɗauke da ma'ana ba a irin wannan wuri. Kalmar da ta gabace shi ita ce take jan sa. Abin da muke so yaro ya gane game da Turanci ke nan, kuma ga shi yana aiki da shi kullum a bakinsa ba tare da an taɓa nuna masa ba.

Haka al'amarin yake ga "wa". A "ya saya wa Audu" Turanci zai ce "for", a "ya aika wa Audu" ya ce "to", a "ya sace wa Audu" ya ce "from", a "ya yi wa Audu dariya" ya ce "at". Sa'an nan akwai aikatau waɗanda a Hausa suke faɗa wa karɓau kai tsaye, kamar nemi da saurari da kalli da jira, alhali takwarorinsu na Turanci ba sa tafiya sai da ɗan rakiya. Daga nan "I am waiting you" da "listen radio" suke fitowa. Wani aikin kuma da Turanci yake ba ƙananan kalmomi, Hausa a ƙarshen aikatau take yin sa, kamar yadda F. W. Parsons ya bayyana a 1960 sa'ad da ya kasa aikatau giredi 7: a gwada "zuba" da "zubo" da "zubar".

To, aibin jerin haddar nan shi ne an tsara shi bisa abacadan Turanci, don yaron ko'ina, watau ba don yaron ko'ina ba. "Depend on" da "different from" da "tired of" suna warwatse a cikinsa, babu abin da ya haɗa su, alhali ga Bahaushe ciwo guda ne. Da malami zai tattara su a ƙarƙashin "da", ya ɗauki darasi biyu ko uku a kansu, da ya rage wa yaro hadda mai yawa. Wannan ba sabon ra'ayi ba ne. Robert Lado ya yi kira ga kwatanta harshen uwa da harshen da ake koyo tun a 1957.

Sai dai kada a ɗora wa Hausa laifin da ba nata ba. "Discuss about" da "comprise of" da "congratulate for" ana jin su a Ibadan da Inugu kamar yadda ake jin su a Dutse, na farkon ma har a Indiya. Irin waɗannan David Jowitt ya yi nazarinsu a littafinsa na 1991 a kan Turancin Nijeriya. Yaro ba daga Hausa ya fassaro su ba. A jarida ya gan su, ko a takardar ofis, wani lokaci ma a bakin malamin da zai ja masa jan biro. Maganinsu dabam ne, kuma daga ɗakin malamai ya kamata a fara shan sa.

Aibi na biyu ya fi na farko nauyi. Jerin yana nuna wa yaro kamar kowace kalma harafi guda gare ta, alhali "agree with" na mutum ne, "agree to" na shawara, "good at" gwaninta ce, "good for" kuwa amfani. Abin mamaki, ɗaliban makarantun zaure sun daɗe da sanin wannan a Larabci: "ragiba fi" so ne, "ragiba an" ƙi ne, "da'a lahu" addu'ar alheri, "da'a alaihi" ta sharri. Yara da yawa a ajinmu da safe su ne a gaban malamin zaure da yamma, amma ba mu cika ɗaukar misali daga can ba. Kuma ko Turawan kansu ba su daidaita a kan kome ba, gama a Ingila ana jin "different to", a Amurka "different than". Tambayar cike gurbi ta jarrabawa amsa guda take karɓa, don haka wajibi ne malami ya koyar da "different from", amma ya san dalilinsa.

Game da ƙamus, na A. S. Hornby, wanda aka fara bugawa a Japan a 1942, shi ne har yanzu ya fi taimako, domin yana nuna harafin a jikin kalmar, da misali. Matsalarsa ita ce da Turanci yake bayanin Turanci. Na Roxana Ma Newman na 1990 yana da misalai masu kyau, amma an yi shi ne don wanda ya san Turanci yake neman Hausa. Abin da malamin aji uku a Jahun yake bukata ɗan littafi ne wanda zai fara daga Hausa: a tattaro kalmomin da suke jan "da" da "wa" da "ga" da "a kan", kowacce da jimlarta, a ajiye Turancinta a gefe. Aiki ne da ɗalibin digiri na biyu zai iya kammalawa, in ya sami takardun insha'in yara daga makarantu huɗu ko biyar na yankin ya fara da ƙidaya abin da suka rubuta a gurbin "da".