Yaƙi Ɗan Zamba Ne: Matsayin Dabara a Tarihin Kano da Ganɗoki

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba gurbin da rubutaccen zuben Hausa ya ba dabarar yaƙi idan an kwatanta da jarumta. An zaɓi matani biyu, wato Tarihin Kano da Ganɗoki na Malam Bello Kagara (1934), an kuma ɗauki al'adar Sinawa a matsayin ma'auni.

2.0 Ma'aunin Sinawa

Sinawa sun daɗe da mayar da yaƙi fannin ilmi. Littafin da ake jingina wa Sun Tzu, wanda ya haura shekara 2,000, yana da babi 13, cikinsu har da na yanayin ƙasa da na leƙen asiri. Ginshiƙinsa shi ne yaudara, da karya lagon abokin gaba tun kafin a gwabza. A shekarar 1080, zamanin daular Song, aka haɗa shi da wasu littattafai shida aka mayar da su abin karatun hafsoshi. Bahaushe ma ya san wannan hikima, domin shi ya ce yaƙi ɗan zamba ne. Sai dai karin magana ce ta adana masa ita, littattafansa kuwa suka karkata ga yabon maza.

3.0 Tarihin Kano

Labarin Sarki Kanajeji, wanda Palmer (1908) ya sanya mulkinsa tsakanin 1390 da 1410, kyakkyawan misali ne. Marubucin ya nuna cewa shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, saboda asarar da Kanawa suka yi a yaƙin Umbatu. Wannan shi ne abin da manazarta suka fi ambata. Amma idan aka bi labarin zuwa ƙarshe, za a ga kayan nan ba su ci Umbatu ba. Sai da Sarki ya yi zaman dirshan na shekara biyu, ya hana mutanen noma, sannan yunwa ta sa suka miƙa wuya. Ashe dabara ce ta yi nasara, amma a taƙaice aka ba da labarinta, alhali sunayen jarumai da kirarinsu sun cika littafin.

4.0 Ganɗoki

A Ganɗoki karkatar ta fi fitowa fili. Littafin ya ginu kan yaƙe-yaƙe na gaskiya: faɗuwar Kwantagora a 1901 da yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama. A wuraren nan bindiga mai ruwa ce ta rinjayi doki da mashi. Maimakon marubucin ya tsaya kan dalilin shan kashi, sai ya kwashi tauraronsa zuwa duniyar aljannu, inda takobi ke ci gaba da aiki. Salon kirari da kambamar zulaƙe sun ƙayatar ƙwarai, amma sun rufe tambayar da tarihi ya tilasta a yi.

5.0 Waɗanda Aka Bari a Baya

Duk matanin biyu daga kan sirdi suke kallon fagen fama. Kalmomin sarautun yaƙi ma haka suke: madaki daga madawaki ta samo asali, wato shugaban mahaya. Kalmar tana nan a sunan Madakiya, garin Bajju da ke kusa da Kafanchan. A wannan yanki na kudancin Zazzau, inda masarautar Jama'a ta riƙa kai hare-hare a ƙarni na 19, mutanen Kagoro sun fake da duwatsunsu, wurin da doki ba ya iya sukuwa, har suka gagari mahaya. Wannan ita ce dabarar sanin ƙasa da Sinawa suka keɓe wa babi guda, amma zuben Hausa na farko bai kula da ita ba.

6.0 Kammalawa

An ga cewa dabara tana cikin matanin Hausa, sai dai kirari ya danne ta. Ya kamata manazarta su tattara kalmomi irin su kwanton ɓauna da sari-ka-noƙe da zaman dirshan, su kwatanta su da takwarorinsu a harsunan Jju da Tyap, tun dattawan da suka gaji labaran suna raye.